Asisat Oshoala: Iyayenta ba su yi laifi ba da suka ji tsoro

Duk wanda ya tashi ba da labarin Asisat Oshoala da iyayenta yake farawa. Sai a ce yarinya ce daga Ikorodu a jihar Legas, ta so ƙwallo, iyaye suka hana, ta bijire, ga ta yau duniya ta san da ita. Wanda ya ji labarin a haka zai tashi da cewa iyayen ne suka so tare mata hanyar arziki, Allah bai nufa ba. Ni ban yarda da wannan fassarar ba. A ganina mahaifin da ya ga 'yarsa ta ajiye karatu ta kama tamaula a Najeriyar 2009, ya kuma ɗaga murya, mutum ne mai hankali da ya san ƙasar da yake ciki. Abin da ya fi damuna shi ne dalilan da suka sa shi jin tsoro a wancan lokacin har yau ba a kawar da mafi yawansu ba, duk da kofunan da 'yarsa da abokan wasanta suka kawo.

An haifi Asisat a ranar 9 ga Oktoban 1994, a gidan Musulmi. Ita da bakinta ta sha faɗa cewa iyayenta ba su ji daɗi ba ko kaɗan da ta bar makaranta saboda ƙwallo, kuma kakarta ce ta riƙa tare mata faɗa. A kan titi ta fara, cikin maza, kafin ta shiga FC Robo, wani ƙaramin kulob na mata a Legas da koci Emmanuel Osahon ya riƙe da ƙarfin halinsa. A nan ta zauna daga 2009 zuwa 2013, sannan ta wuce Rivers Angels ta Fatakwal. To a tsaya a nan a duba abin da uba zai gani a lokacin. Gasar mata ta cikin gida ba ta da masu kallo, ba a nuna ta a talabijin, manyan kulob ɗin kusan duk mallakar gwamnatocin jihohi ne, albashi kuwa sai yadda gwamna ya ga dama. Idan yarinya ta karye a fili babu wanda ya san mai biyan kuɗin asibiti. Idan ta kai shekara 30 ƙafa ta gaji, babu takardar makaranta, babu sana'a. Wane uba ne zai ga wannan ya sa albarka da sauri?

Abin da ya sauya lissafin gidan su Asisat wata ɗaya ne, Agustan 2014, a Kanada. A gasar cin kofin duniya ta mata 'yan ƙasa da shekara 20 ta zura ƙwallo 7, huɗu daga ciki a wasa guda, wasan kusa da na ƙarshe da Najeriya ta lallasa Koriya ta Arewa da ci 6 da 2. A wasan ƙarshe a Montreal, Jamus ta sha da ƙyar da ci ɗaya mai ban haushi a ƙarin lokaci, amma yarinyar Ikorodu ce ta tafi da ƙwallon zinare na gwarzuwar gasa da takalmin zinare na wadda ta fi cin ƙwallaye. Ba ta cika shekara 20 ba a lokacin. Wata biyu bayan haka ta bi manya zuwa Namibiya, babbar tawagar matan Najeriya, Super Falcons, suka doke Kamaru da ci 2 da nema suka ɗauki kofin Afirka, aka sake zaɓenta gwarzuwar gasa. Shugaba Goodluck Jonathan ya ba ta lambar girmamawa ta MON, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ba ta kambun gwarzuwar shekara. Wanda ya kalle ta a lokacin ba zai manta da gudunta ba. Tana da tsawo, tana da ƙarfin kafaɗa, idan aka jefa mata ƙwallo bayan 'yan baya to sai dai mai tsaron raga ta yi ta kanta.

Amma a lura da wani abu. A tawagar da ta kai wasan ƙarshe a Kanada akwai 'yan mata 21. Kaɗan daga cikinsu ne suka samu kulob a waje suka rayu da ƙwallo, sauran sun koma gasar gida da halin da take ciki. Idan ana maganar tsoron iyaye, waɗannan ne ya kamata a tuna, domin su ne suka fi yawa.

A Janairun 2015 Liverpool ta ɗauke ta, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta taka leda a babbar gasar mata ta Ingila, kuma a shekarar ce ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya ta BBC a karon farko da aka fara bayar da ita. Zaman Ingila bai yi armashi yadda aka zata ba. Rauni a gwiwa ya ci mata watanni a Liverpool, a Arsenal kuma, inda ta koma a 2016, ta ɗauki kofin FA amma ba ta samu gurbi na dindindin ba. Da ta tattara ta tafi Dalian Quanjian ta China a 2017, mutane da yawa sun ce ta bi kuɗi ta kashe kanta. Ni ban ga aibun bin kuɗi ga wadda ƙafarta ce jarinta ba, musamman wadda ta san akwai gida a bayanta. Kuma tafiyar ba ta kashe ta ba: ta fi kowa cin ƙwallo a gasar China a shekararta ta farko, ta ɗauki kofin gasar sau biyu a jere.

A Barcelona ne labarin ya cika, kuma a nan nake so mu daɗe, domin a nan ne ake ganin bambancin baiwa da tsari. Ta je aro a Janairun 2019. Wata huɗu bayan haka kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a karon farko, a Budapest, ya haɗu da Lyon ta Faransa wadda a lokacin babu mai iya ja da ita. Kafin a yi rabin sa'a an zura wa Barcelona huɗu, uku daga ƙafar Ada Hegerberg. Asisat ta taso daga benci ta rama ɗaya ana gab da tashi, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na wannan gasa. An tashi 4 da 1. Shugabannin kulob ɗin ba su kori koci ba, ba su watsar da 'yan wasa ba. Sun zauna sun duba inda Lyon ta fi su, suka ga ƙarfin jiki ne da juriya, suka ƙara wa horo nauyi, suka ƙara ma'aikata. Shekara biyu bayan haka, a 2021 a Gothenburg, su ne suka zura wa Chelsea huɗu babu ko ɗaya, Asisat ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ɗaga kofin Zakarun Turai. Sun sake ɗauka a 2023. A kakar 2021 zuwa 2022 ta ci ƙwallo 20 a gasar Sifaniya, ta raba kambun wadda ta fi cin ƙwallaye da Geyse Ferreira 'yar Brazil, alhali rauni ya hana ta wasanni da dama. A 2022 sunanta ya shiga jerin masu takarar Ballon d'Or, kyautar gwarzuwar 'yar ƙwallon duniya ta shekara, abin da babu wata 'yar Afirka da ta taɓa samu kafin ita. Ta bar kulob ɗin a farkon 2024 da ƙwallo sama da 100 da kofin gasar Sifaniya huɗu.

Me Barcelona ta ba ta wanda Najeriya ba ta ba ta ba? Ba gudu ba, da gudunta ta je. Sai a 2015 kulob ɗin ya mayar da ɓangaren matansa na ƙwararru, wato kowace 'yar wasa tana da kwantiragi a rubuce da albashi duk ƙarshen wata, da likita, da mai kula da abinci, da filin atisaye mai kyau. Haka kuma ba daga sama haƙƙin ya faɗo wa 'yan wasan Sifaniya ba. A Nuwamban 2019, Asisat tana can, 'yan wasan gasar suka tafi yajin aiki, aka wayi gari babu wasa ko ɗaya a ƙarshen mako, har aka sa hannu a yarjejeniya a Fabrairun 2020 da ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan yuro 16,000 a shekara. A 2023 suka sake yajin aiki aka ɗaga shi zuwa 21,000. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da na maza, amma uba zai iya riƙe takardar a hannunsa ya karanta. Masu kallo kuwa daga baya suka zo. A ranar 30 ga Maris na 2022 mutum 91,553 suka cika Camp Nou don kallon matan Barcelona da na Real Madrid, bayan mako uku 91,648 suka zo wasan Wolfsburg.

Yanzu a dawo gida a ga abin da ke jiran wannan 'yar wasa duk lokacin da ta sa rigar ƙasarta. A Disamban 2016 Super Falcons suka je har Yaounde suka doke Kamaru a gaban jama'arta da ci ɗaya, suka ɗauki kofin Afirka, Asisat ce ta fi kowa cin ƙwallo da guda 6. Da suka sauka Abuja sai suka ƙi fita daga otal, domin ba a biya su alawus da ladan wasanninsu ba. Sun yi kusan mako biyu a haka, har ta kai zakarun nahiya sun ɗauki kwalaye sun yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna neman haƙƙinsu. Ministan wasanni na lokacin, Solomon Dalung, ya ba da uzurin da ya fi laifin muni, cewa ba a yi zaton za su ci kofin ba shi ya sa ba a tanadi kuɗin ba. Tawagar da ta fi kowace a Afirka ɗaukar wannan kofi ake cewa ba a zaci za ta ci ba. Bayan an biya su kuma sai aka yi watsi da su, duk shekarar 2017 ba a shirya musu wasa ko ɗaya ba. Da aka tashi haɗa su da Faransa a Afrilun 2018, ƙwallo 8 aka zura musu.

Da a ce sau ɗaya ne da sai a ce tuntuɓe. A 2019, bayan Jamus ta fitar da su daga gasar cin kofin duniya, sun sake zaman dirshan a otal a Faransa kan bashin alawus. Desire Oparanozie ce kyaftin a lokacin, ita ta fito ta yi magana, ba a jima ba aka karɓe kambun daga hannunta aka miƙa wa Asisat. Ko me hukuma ta ce shi ne dalili, saƙon da kowace 'yar wasa ta ɗauka a bayyane yake. A gasar kofin Afirka ta 2022 a Maroko sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan neman na uku da Zambiya, duk a kan kuɗi. A 2023, gab da tafiya Ostireliya gasar cin kofin duniya, kocinsu ɗan Amurka Randy Waldrum ya fito fili yana kukan ana bin sa bashin albashi kuma ba a yi shirin kirki ba. Bayan gasar ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, ta fitar da sanarwa cewa tana taya 'yan wasan Najeriya neman haƙƙoƙin da wasu tun 2021 suke bi. Shugabannin hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, sun canza a tsakanin waɗannan shekaru, daga Amaju Pinnick zuwa Ibrahim Musa Gusau, ministoci sun canza, gwamnati ma ta canza. Halin ne bai canza ba.

Duk da haka a wannan gasa ta 2023 ba a doke su a cikin fili ba ko sau ɗaya. Sun riƙe Kanada, zakarun Olamfik, babu ci. Sun doke Ostireliya mai masaukin baƙi da 3 da 2 a Brisbane, inda Asisat ta taso daga benci ta ci ta uku, ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci ƙwallo a gasar kofin duniya uku daban-daban, bayan wadda ta ci Sweden a 2015 da ta Koriya ta Kudu a 2019. Ingila, zakarun Turai, sai a bugun fenariti ta fitar da su bayan minti 120 babu ci. Ina yawan tambayar kaina inda waɗannan mata za su kai da a ce rabin hankalinsu ba ya kan wanda zai biya su.

Za a ce ai yanzu an gyara, a kawo misalin 2025. Gaskiya ne a ranar 26 ga Yulin 2025 a Rabat sun yi abin da zai daɗe ana faɗa. Maroko ta sa musu biyu kafin hutun rabin lokaci, suka dawo suka ci uku ta ƙafar Esther Okoronkwo da Folashade Ijamilusi da Jennifer Echegini, suka ɗauki kofin Afirka na 10. Shugaba Bola Tinubu ya karɓe su a fadarsa, ya sanar da kyautar kwatankwacin dala 100,000 ga kowace 'yar wasa, da gida mai ɗaki uku, da lambar OON. Na yi murna, kuma sun cancanta. Amma kyautar shugaban ƙasa tana zuwa ne ga mutum ashirin da 'yan kai, a ranar da suka ci, idan shugaban ya so. Da a ce an tashi wasan a 2 da nema yadda aka tafi hutu, da babu wanda zai kira su fada, kuma da waɗannan matan ne dai, da gumin nan dai. Yarinyar da ke buga wa Nasarawa Amazons ko Adamawa Queens ba ta ga ko sisi daga wannan kyautar ba, alhali daga irin kulob ɗinta ne ake tsamo waɗanda za su je fada gobe. Uba ba zai iya ɗora rayuwar 'yarsa a kan alherin da sai an ci kofi ake yi ba. Ruwan sama ne, manomi yana murna da shi, amma mai lambu rijiya yake haƙawa.

Maroko da muka doke ita ce ta haƙa rijiyar. Tun 2020 hukumar ƙwallonta ta tsara gasar mata ta ƙwararru mai rukuni biyu, tana kuma tallafa wa kulob-kulob da kuɗin albashin 'yan wasa. Ƙasar da a da ba a lissafa ta a ƙwallon mata ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka sau biyu a jere, ta fitar da mu a 2022, ta kuma tsallake zagayen rukuni a zuwanta na farko gasar duniya a 2023. A gasar zakarun kulob-kulob na mata da CAF ta fara a 2021, karo huɗu na farko Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ɗauka sau biyu, AS FAR ta Maroko sau ɗaya, TP Mazembe ta Kongo sau ɗaya. Babu kulob ɗin Najeriya a ciki. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya na lafiyar ƙwallon matanmu, domin tawagar ƙasa yanzu mafi yawanta 'yan wasan da kulob-kulob na Turai da Amurka suke ciyarwa suke horarwa ne, wasunsu ma a can aka haife su.

Akwai wani tsoron na iyaye da ba na kuɗi ba, kuma rashin gaskiya ne a yi wannan magana da Hausa a tsallake shi. Shi ne batun sutura da tarbiyya da cuɗanya. Da Asisat ta ci Ostireliya ta cire rigarta tana murna, alƙalin wasa ta ba ta katin gargaɗi, hoton ya zagaye duniya. Mutane da yawa a cikinmu ba su ji daɗi ba, ni ma ban ji ba. Ita kanta ta rubuta a shafinta cewa mahaifinta bai yi farin ciki da irin murnar da ta zaɓa ba. Wanda duk ya ce wannan damuwar ƙauyanci ce bai san mutanen da yake magana a kansu ba, kuma da irin wannan rainin ne ake sa iyaye su ƙara rufe ƙofa. Abin da zan ce kawai shi ne dokar wasan ba ta tilasta wa kowa tsiraici ba. Tun 2014 aka halatta rufe kai a wasannin FIFA, bayan shekarun da aka yi ana hanawa. Kwana uku bayan wasan Brisbane, a wannan gasar dai, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wa ƙasarta da hijabi da dogon hannu da dogon wando, suka kuma doke Koriya ta Kudu. Saudiyya, wadda sai a 2018 ta bar mata shiga filin kallo, ta buɗe babbar gasar mata a 2022, kuma can Asisat ta koma a 2025, kulob ɗin Al Hilal, bayan zamanta a Bay FC ta Amurka inda ita ce ta ci wa kulob ɗin ƙwallonsa ta farko a tarihi. Malamai suna da maganarsu a kan iyakokin wannan al'amari, kuma ba ni ne zan yanke musu ba. Gidan da ya ce 'yarsa ba za ta yi ba, haƙƙinsa ne. Gidan da ya yarda kuwa yana da haƙƙin a ba shi amsa a kan wa zai horar da ita, ina za ta kwana idan an yi tafiya, akwai mace babba a tawagar ko babu, kuma wa za ta kai wa ƙara idan wani koci ya nemi ya ci zarafinta. A yawancin kulob-kulob ɗinmu babu mai amsa waɗannan tambayoyin.

Kada kuma a ɗauka arewa baƙuwa ce a wannan tarihin. Marigayi Ismaila Mabo na Jos shi ne ya kai Super Falcons zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 1999 a Amurka, inda Brazil ta sa musu uku suka rama duka kafin a fitar da su da 4 da 3 a ƙarin lokaci, kuma har yau tawagar ba ta wuce wannan matakin ba. Justine Madugu da ya ɗauko kofin 2025 ɗan Adamawa ne. Halimatu Ayinde, wadda suka buga wasan ƙarshe na Kanada tare da Asisat, ta kuma shafe shekaru tana riƙe tsakiyar fili a Sweden da tawagar ƙasa, a Kaduna aka haife ta.

Hujjar da jami'ai suka fi kawowa ita ce ƙwallon mata ba ta kawo kuɗi, saboda haka ba za a iya biya ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin filayen gasar gida fayau suke. Sai dai wannan hujjar ba ta bayyana dalilin riƙe kuɗin da aka riga aka yi alkawari ba, kuma ba ta bayyana inda tallafin FIFA yake shiga ba. A gasar 2023 FIFA ta ware aƙalla dala 30,000 ga kowace 'yar wasa, waɗanda suka kai zagaye na biyu irin namu kuma 60,000. CAF ta ba zakarun 2025 dala miliyan ɗaya. Kuɗi suna shigowa ta dalilin matan nan. Sannan tarihi ya nuna rashin masu kallo ba halitta ba ce. A Disamban 1920 mutum kusan 53,000 suka kalli wasan mata a Goodison Park da ke Liverpool. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon Ingila ta haramta wa mata filayenta, haramcin da ya kai shekara 50. Masu kallon da aka kora da doka su ne aka dawo ana cewa babu su. Inda duk aka sa kuɗi aka nuna wasa a talabijin a kan lokaci, jama'a sun dawo.

A kan karatu kuwa ina tare da iyayen Asisat ɗari bisa ɗari, kuma alamu sun nuna ita ma ta dawo kan ra'ayinsu. Gidauniyarta da makarantar horar da 'yan mata da ta buɗe a Legas suna haɗa ƙwallo da karatu, kuma ta sha gaya wa yara kada su bar makaranta don sun ga ita ta bari ta tsira. Ta fi kowa sanin dalili. Rauni a gwiwa ya fitar da ita daga kofin Afirka na 2022 tun a wasan farko, wani raunin ya hana ta buga wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2023. Da irin wannan ya same ta tana shekara 18 a Fatakwal, kafin Kanada, da babu wanda zai san sunanta, kuma da babu takardar da za ta nemi aiki da ita. Ko ita da ta ɗauki kambun gwarzuwar Afirka sau 6, a 2014 da 2016 da 2017 da 2019 da 2022 da 2023, ta wuce tarihin Perpetua Nkwocha mai 4, lokaci ya fara cim mata. A Maroko a 2025 ta ci ƙwallon farko a wasan Tunisiya, amma a wasannin ƙarshe wasu ne ke farawa, kyaftin kuma gwarzuwar gasar ita ce Rasheedat Ajibade, wadda ita ma daga FC Robo ta fito. Ƙaramin kulob ɗaya mai zaman kansa ya ba Najeriya kyaftin biyu. Da ana da irinsa ashirin da ake tallafa wa, da ba mu zauna muna jiran sa'a ba.

Abin da nake nema daga NFF da hukumar gasar mata da gwamnonin da suka mallaki kulob-kulob ba ya buƙatar wani taron ƙasa. Kada a yi wa kulob rajistar shiga gasa sai ya nuna kwantiragin kowace 'yar wasa da shaidar ya biya albashin kakar da ta wuce. Kada a yi wa yarinya 'yar ƙasa da shekara 18 rajista sai da shaidar tana zuwa makaranta da sa hannun waliyyinta. A sa inshorar rauni ta zama dole. Dokar FIFA da ta fara aiki a 2021 ta ba 'yar wasa hutun haihuwa na aƙalla mako 14 da kashi biyu cikin uku na albashinta, ta kuma hana a kore ta don ta yi ciki, to a aiwatar da ita a gasar gida, domin tambayar aure da haihuwa tana cikin na farko da uwa za ta yi. Ga tawagar ƙasa kuma, a zauna da wakilan 'yan wasa a rubuta nawa ne alawus ɗin sansani, nawa ne ladan nasara, nawa ne kason 'yan wasa a kuɗin FIFA da CAF, kuma a wace rana za a biya, a sa hannu, a buga a jarida kowa ya gani. Amurka ta yi haka da matanta a 2022 bayan shekaru ana shari'a. Gasar cin kofin duniya ta gaba a Brazil za a yi ta a 2027, kuma lokacin sa hannu a wannan takardar shi ne kafin a kira 'yan wasa sansani.